Tofin Baba

Duk wadda ta zo nan neman hirar "ina sonki, ina ƙaunarki", gara ta juya tun yanzu, don labarin yau akwai jini a ciki, kuma har da nawa.

Sunana Hidaya, 'yar Malam Sada ta Gidan Buba, wani ƙauye can gefen Maruta a ƙasar Gwaram. In kin taɓa bi ta yankinmu da yaro mai firgita ko mai zazzaɓin da ya ƙi jin magani, to wataƙila kin zauna a zaurenmu. Babana mai tofi ne. Ba ya duba, ba ya buga ƙasa. Zai kama kan mutum da hannu biyu, ya matso da fuskarsa dab da tasa, ya karanta abin da zai karanta, ya tofa masa a goshi da ido. In kin zo da gora ko kwano ya tofa a ruwan, a kai gida kowa ya kurɓa. Da tofin nan na girma, kuma har gobe ba wanda nake so a duniya kamar babana. Ku riƙe wannan, kada in an jima ku ce yarinyar nan ba ta da imani.

Wanda ke bin Baba a zuciyata shi ne Kamaluddeen, nas ne a asibitin Birnin Kudu. Baƙi ne dogo, mai sanyin magana har abin yana ba ni haushi, ni ina tafasa shi yana cewa "to, ranki ya daɗe". An sa mana rana bayan ƙaramar salla. Atamfar anko ma ta fito, ruwan ganye mai zanen tantabaru, wadda ƙawayena suka ce ta tsofaffi ce, na ce duk wadda ba ta so ta zo da zanin gado. Inna Turai, mahaifiyata, ta cika ƙaramin ɗakin bayan gida da tukwane da samiru da kumbuna, kullum sai ta shiga ta goge su da tsumma.

Shekarar korona ce, azumi kuma ya faɗo a tsakiyar zafi. An rufe hanyoyi, an hana cin kasuwa. Ana haka sai ga labarin rasuwar wani aminin Baba a Kano, wanda suka yi karatu tare tun suna samari. Ba wanda ya isa ya hana shi zuwa. Ya hau bayan babur aka bi da shi ta hanyar daji, ya yi zaman makoki, ya gaisa da jama'a hannu da hannu, ya dawo mana da ƙura har gira.

Bayan 'yan kwanaki ya fara tari, busasshe, irin wanda ba ya fitar da komai. Sai zazzaɓi. Ran nan da shan ruwa ya kurɓi kunu ya ajiye.

"Turai, yau kin manta tsamiya ne?"

"Haba Malam, kunun da ya kusa zubar mini da haƙori?"

Muka yi dariya. Washegari ni na ƙona tuwo, don ina can ina danna waya, ƙauri ya cika gida har maƙwabta suna leƙe ta katanga. Baba yana zaune a tabarma dab da murhu, ko hanci bai yamutsa ba. Ni a shirmena sai na ga abin dariya ne, na rubuta wa Kamal:

"Albishirinka. Na ƙona tuwo ƙurmus, Baba bai ma ji ba. Allah Ya sa kai ma haka hancinka yake."

Ban ajiye wayar ba sai ga kiransa. Na je gindin ɗorawar bayan gida inda sabis ke kamawa, ina gyara ɗankwali kamar yana ganina.

"Hidaya, ɗanɗano fa, yana ji?"

Ko sallama bai yi ba. Na ce masa a'a, na ba shi labarin kunu.

"Tari? Zazzaɓi? In ya tashi daga tabarma zuwa bakin randa, yana haki?"

"Yana yi. Azumi ne da tsufa."

"Ki saurare ni da kyau, don Allah. Ina jin tsoron korona ce."

Na tsuke baki na ce, "Korona a Gidan Buba? Mu da ko jirgin sama sai dai mu hango shi?"

"Ba ruwanta da jirgi. Ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, tana zama a hanci da maƙogwaro. In mai ita ya yi tari ko atishawa, kai ko magana ce ma, sai ta fito a cikin 'yan ɗigon yawu, na kusa da shi ya shaƙa. Yawancin mutane suna warkewa, wasu ba sa ma sanin sun yi ta. Amma tsoho, ko mai hawan jini irin Baba, in ta gangara huhunsa sai numfashi ya daina amfanar jiki. Za ki ga mutum a zaune yana hira, alhali a hankali yake shaƙewa. In an kawo shi da wuri ana sa masa iska ta hanci har jikin ya ci ƙarfinta. In an makara..."

Bai ƙarasa ba. Ni kuma ban ji sauran ba, don kunnena ya tsaya a kan ɗigon yawu. Daga inda nake ina hango cikin zaurenmu ta ƙofar baya. Baba yana riƙe da kan jaririyar Ummussalma maƙwabciyarmu, hancinsa ya kusa taɓa nata. A bayansu tsofaffin mata ne a jere, kowacce da gorarta a hannu. Ya tsaya ya yi tari, ya share baki, ya ci gaba da tofi.

"Kamal, tofi fa?"

Ya ce, "Addu'a ba ta da laifi, Hidaya. Ya yi ta daga nesa, Allah Yana ji. Amma yawun da numfashin, a yanzu, guba ne ga duk wanda ya samu."

Da yamma na kai wa Baba buta na durƙusa nesa da shi. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗa. Ya dube ni da murmushin nan nasa da yake yi wa yara.

"'Yar Baba, sunan Allah nake hurawa. Ta ina cuta za ta bi sunan Allah?"

"Ba ta sunan za ta bi ba, Baba, ta yawun. Ka karanta daga nan inda kake, su ce amin. Kuma ka bari a kai ka asibiti a duba ƙirjin nan."

Ban san Yaya Ikrima yana bayana ba. Shi ne babban wanmu, dillalin shanu, tun da aka rufe kasuwa yake yawo a gida kamar wanda aka ɗaure da gajeriyar igiya. Marin da ya sauke mini sai da na ga wuta. Na kife kan butar, ruwa ya malale a zanina.

"Bakin Malam ne ke da cuta? Ke! Don kina son ɗan asibiti?"

"Ikrima," in ji Baba, sai tari ya sarƙe shi.

Yaya ya finciko ni da hijabi har igiyar ta shaƙe ni. Idonsa jajir, kuma wallahi akwai hawaye a ciki.

"Kin san abin da suke yi wa wanda suka ɗauka? Ba ya dawowa! A leda suke naɗe shi, ba wanka, ba salla, su jefa a rami. Mutumin da ya sallaci rabin garin nan za ki sa a binne kamar mushe? In na ga motarsu a ƙofar gidan nan, ke da shi sai na kwantar da ku."

Ku fahimce ni, Yaya Ikrima ba mahaukaci ba ne. Abin da ya ji a waya da bakin 'yan babur ya yarda da shi, kuma shi ma son Baba ne ke cinsa. Sai dai shi in yana son abu, da duka yake nunawa.

Inna ta ja ni ɗaki tana danna mini tsumma mai ɗumi a kunci, tana faɗa ƙasa-ƙasa.

"Ki rufa mini asiri, Hidaya. So kike a ce 'yar Malam ce ta miƙa ubanta? Wa zai ƙara shigowa gidan nan? Wa zai zo bikinki? Dangin ubanki cewa za su yi a fasa auren, kuma su fasa ɗin."

Na ce to. Ƙarya nake yi, kuma ita ma ta sani.

Da safe mata suka fara taruwa, na riga kowa zuwa zaure. Na ce Malam barci yake yi. Gorunan da aka bari jiya aka yi musu tofi suna jere a jikin bango suna jiran masu su. Na kwashe su ɗaya bayan ɗaya na tuttular a kwata. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji tana salati kamar ta ga na yanka mutum. Kafin in ajiye ta ƙarshe labari ya kai wa Yaya.

Da igiyar ɗaure shanu ya zo, ya ninka ta biyu. Bai tsaya tambaya ba. Ya zuba mini a baya, a cinya, a wuya, ina kare fuska yana bin hannun. Rigar atamfata ta tsage daga kafaɗa. Ban yi kuka ba, sai zagi, na faɗa masa maganganun da ƙanwa ba ta faɗa wa wanta. Inna ta shiga tsakani ita ma ta samu a dantse. Abin da ya tsayar da shi wata ƙara ce daga bakin rijiya. Baba ne ya taso zai raba mu, ya yanke jiki ya faɗi.

Muka kwashe shi zuwa inuwa. Leɓɓansa sun yi baƙi-baƙi, ƙirjinsa yana hawa da sauka da sauri, kalma ɗaya sai ya huta kafin ta biyu. Yaya ya ruga neman mai maganin saiwa. Ni kuma na zaro waya daga ƙugu, na danna ɗaukar murya, na kara a kusa da bakin Baba. Na tura wa Kamal ba tare da na rubuta komai ba.

Amsa ta zo nan take: "Wannan ba na jira ba ne. Ki ce mu zo, mu taho yanzu."

Na rubuta: "Yaya ya rantse zai kashe ku."

"Ni zan biyo motar asibitin. Mutanenku sun san fuskata, na ci tuwo a gidan nan. Ke dai ki ce."

Na dubi Baba. Yana ƙoƙarin ɗaga hannu ya shafa kaina, hannun ya kasa kaiwa. Na san in na ce su zo, na sa Kamal a bakin wuta, na kuma rusa aurena da hannuna. In ban ce ba, babana ba zai ga salla ba. Tsoro ya cika ni.

Na rubuta: "Ku zo."

Yaya ya dawo ya same ni da wayar a hannu. Ya fizge, ya karanta, ya maka ta a kan turmi, ya bi ta da taɓarya har sai da ta zama gari. Ya ja ni a ƙasa ta gashi zuwa ɗakin kayan aurena, ya hankaɗa ni kan samiru, ya sa sakata ta waje. Ina jin muryarsa yana fita yana kiran samari da sunayensu.

Ɗakin ba taga sai wata 'yar kafa. Na zauna a cikin tukwanen da aka saya don gidan Kamal, gumi yana shiga tabon igiya yana yi mini zugi. Bayan azahar na ji kukan mota. Sai ihu. Sai ƙarar gilashi ya tarwatse.

Na ɗauki murfin babbar tukunya na dinga dukan ƙofa ina kiran Inna. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Can na ji sakata ta motsa. Inna ce, idonta ya kumbura.

"Je ki," ta ce. "Za su yi kisan kai a ƙofar gidana."

Na fita ba takalmi, ba hijabi, da yagaggiyar riga. Filin ƙofar gidanmu ya cika maƙil. Farar motar asibiti tana tsaye, gilashin gabanta ya zube, direban da wani ma'aikaci sun dunƙule a ciki suna kare kai, duwatsu suna sauka a jikinta. Mutum ɗaya ne a waje, cikin farar rigar leda tun daga kai har ƙafa, ya ɗaga hannu biyu sama. Ko a cikin buhu aka sa Kamal zan gane tsayuwarsa.

Ya yaye hular kansa, ya cire tabarau. Takunkumin hanci da baki kawai ya bari.

"Ni ne Kamaluddeen! Surukinku ne! Ba mu zo ɗaukar kowa da ƙarfi ba, Malam muka zo taimaka wa!"

Wani dattijo ya miƙa masa hannu, ban sani ba ko gwaji ne ko gaisuwa. Kamal ya ja da baya ya dafa ƙirji. Nan wurin ya ƙara rikicewa.

"Kun gani? Ƙyamarmu yake!"

Yaya Ikrima ya ratso mutane da ƙatuwar sandar gora a hannu.

"Kai ne za ka toshe hanci a ƙofar gidan ubana? Wari muke yi?"

"Yaya, don kare ku ne da..."

Yaya ya kama takunkumin ya fizge har igiyar ta yanki kunnensa, ya jefar a ƙasa ya taka. Sannan ya ɗaga gorar. Karon farko a kafaɗa ta same shi, na biyu a goshi. Na ji ƙarar har cikin haƙorana. Kamal ya durƙushe, jini ya wanke masa ido ɗaya ya gangaro kan farar rigar. Sai samari suka rufe shi. Mutanen da na sani tun ina yarinya, wasu mun yi makarantar allo tare, suna shurinsa a ciki da haƙarƙari. Bai rama ba, bai ma zagi kowa ba, sai "ku bari a kai shi, ku bari a kai shi" yake ta faɗa.

Ban san lokacin da na isa ba. Na ciji wani a hannu, na ture wani, na faɗa kan Kamal na rufe kansa da jikina. Gorar da aka nufe shi da ita ta sauka a hannuna na dama. Na ji ƙas, na ga ɗan yatsana ya kalli wani gefe. Har yau bai miƙe ba.

"Ku janye ta!" in ji Yaya.

"A kawo fetur a ƙona motar!" in ji wani daga baya.

Na ɗaga kai ina kururuwa, na ga an fara miƙo jarka ta saman kawuna. A raina na ce shi ke nan, ni na kira shi, ni na kashe shi.

Sai hayaniyar ta fara mutuwa daga bakin zaure, tana tahowa har ta iso kanmu. Mutane suna darewa. Baba ne, ba hula, ya rataya a kafaɗar Inna, yana jan ƙafa. Duk taku sai ya tsaya ya nemi numfashi. Bai iya ɗaga murya ba. Ya dubi Yaya kawai, gorar ta sulale daga hannunsa.

Baba ya zube a gwiwa a gabanmu. Ya dubi jinin da ke fuskar Kamal, hawaye suka zubo masa.

"Ɗana... a ƙofata... aka yi maka haka?"

Ya miƙa hannu biyu ya kama kan Kamal. Na san kamun nan. Tun ina cikin zani na san shi. Ya matso da fuskarsa dab da tasa, leɓɓansa suka fara motsi.

"Baba, a'a!" na ce. "Baba, kada ka..."

Kamal ya damƙe mini hannu, mai lafiyar, ya matse. Da idonsa ɗaya da ke buɗe ya dube ni, ya girgiza kai kaɗan yadda ni kaɗai zan gani. Shi ne fa ya koya mini abin da ke cikin yawun nan. Ya fi kowa sani a filin. Fuskarsa a buɗe, bakinsa a fashe, takunkuminsa yana can cikin ƙasa. Amma gari guda ya zuba ido. In ya kau da kai daga tofin Malam Sada a gabansu, jarkar nan ba a mota kaɗai za ta ƙare ba, kuma Baba ba zai taɓa yarda ya bi mutumin da ya ƙyamace shi ba.

Bai kau da kai ba. Baba ya karanta, tari ya kece masa a tsakiya, a kan fuskar Kamal, ya daure ya ƙarasa. Ya tofa masa a goshi, a ido, a kan raunin. Ina kallon ɗigon yawun yana sauka, ba abin da zan iya yi.

Kamal ya ɗaga tafukansa ya shafa a fuska.

"Amin, Baba. Na gode. Ka yi mini naka. Don Allah ka bari in yi maka nawa. Ka shiga mota."

Baba ya daɗe yana kallonsa.

"In na mutu... a can... za a sallace ni?"

"Za a sallace ka, Baba. Ƙarya ake faɗa muku. Ni zan tsaya a kai, Yaya Ikrima ma sai ya tsaya a sahu. Amma ba mutuwa za ka je yi ba, numfashi za ka je karɓa."

Baba ya juya ya dubi jama'a, ya ɗaga hannu da ƙyar.

"Ni... na ce... zan je."

Kamal ya miƙe yana layi, ya karɓi sabon takunkumi daga abokin aikinsa ya ɗaura wa Baba tukunna, sannan ya ɗaura nasa a kan jini. Suka kwantar da Baba, suka sa masa robar iska a hanci. Motar ta juya a kan fasasshen gilashi ta kama hanyar Birnin Kudu. Yaya ya bi ta da gudu har bakin gari, sannan ya zauna a tsakiyar hanya ya ɗora hannu a ka.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Gwaji ya nuna korona ce. Aka dawo, wannan karon da 'yan sanda, aka ɗibi majinar hancinmu, aka ce kada mu fita kada a shigo. Inna ta kamu amma da sauƙi, zazzaɓi kawai ta yi. Jaririyar Ummussalma lafiya ƙalau, sai dai kakarta, wadda take cikin tsofaffin da ke kawo gorar ruwa a yi musu tofi, an kwashe ta ranga-ranga. Baffanninmu suka aiko ta katanga cewa maganar aure a dakata, yarinyar da ta tona asirin gida sai an zauna a kanta. Na ce a gaya musu su zauna, tabarma ba ta ƙare ba. Yaya Ikrima kuwa ya daina magana da kowa, abinci ma sai Inna ta ajiye masa a bakin ƙofa.

Ƙaramar wayar Inna ta zama ita ce duniyata. Inna ba ta karanta boko, in ta yi ƙara sai ta miƙo mini ta tsaya a kaina. Kullum Kamal sai ya turo saƙo.

"An ɗinke goshina. Kin samu miji mai tabo, sai haƙuri."

"Baba ya kwana da sauƙi. Ana sa shi kwanciya rub da ciki, yana ta mita."

"Yau ya ce kunun asibiti ba tsamiya. Da gaske ba ta ciki. Ki gaya wa Inna bakinsa ya dawo."

Na yi dariya har da hawaye. Na tambaye shi, kai fa? Ya ce an killace shi kamar yadda ake yi wa duk wanda ya yi cuɗanya da mai ita, amma garau yake. Na yarda, don ina son in yarda. Daga baya na lura ya daina kira sai saƙo, saƙon ma yana gajarcewa.

Ana saura kaɗan salla, da hantsi, ina wanke-wanke da hannu ɗaya, wayar ta yi ƙara.

"An cire wa Baba iska, yana numfashi da kansa. Alhamdu lillahi. Kada ki tsorata, an ba ni gadon da ke kusa da nasa."

Kwanon ya suɓuce mini. Na kira, ba a ɗauka ba. Na sake kira. Na yi ta kira har Inna ta fito, har Yaya Ikrima ya buɗe ƙofarsa ya tsaya. Can aka ɗauka. Na ji wani abu yana huci a bayan layin, da muryoyin ma'aikata suna sauri.

"Kamal! Kamal, ka yi magana!"

"Hidaya."

Muryar Baba ce, tas, ba haki, yadda na san ta tun da.

"Baba! Ina Kamal?"

"Ga shi nan a gabana. Ba ya iya magana, 'yar Baba. Robar da suka cire mini ita ce irin wadda suka sa masa, kuma sun ce ba ta isa ba, suna neman babba. Na taso zan kama kansa in yi masa addu'a, sai na ga hannuna ya ƙi. Na tsaya daga nan na karanta."

Na toshe baki da zanina. Inna tana girgiza ni tana tambaya me aka ce. Na danna wayar, muryar Baba ta fito fili yadda kowa zai ji.

"Na tambayi likita inda yaron nan ya ɗauko ta, ya ce ba a sani ba, ma'aikaci yana iya ɗauka a ko'ina. Na san lallashina yake yi. Ke ce ba kya ɓoye mini, ko da za a dake ki." Muryarsa ta karye. "Ki gaya mini gaskiya, Hidaya. Bakina ne ya yi wa yaron nan haka?"

Inna ta sake ni. Yaya Ikrima ya tako har tsakar gida, ya tsaya a gabana. Su biyun suna kallon bakina, Baba kuma yana kan layi yana jira.